Gidauniyar da Aka Kafa a Kan Benci

Tawada ake ce masa, domin tun yana saurayi yake aikin buga takardu, kuma ko sabulu guda zai ƙarar a hannunsa, baƙin nan ba ya barin ƙarƙashin farcensa. Shagonsa na bayan tashar mota: inji ɗaya, wuƙar yankan takarda ɗaya, da fanka mai ƙara kamar za ta tashi da rufin. Mutum ne mai baki. In ya fara yi maka bayani, ko ba ka yarda ba sai ka gyaɗa kai don ka samu ka tafi.

'Yarsa ta fari, wadda yake kira Kurciya saboda gunagunin da take yi ita kaɗai in tana wasa, tana shekara tara ta fara ramewa. Ga ci, ga shan ruwa ba ƙaƙƙautawa, amma kullum kamar ana zare ta. Aka ce tsutsar ciki ce. Aka ce zazzaɓi ne. Sai ranar da ta yanke jiki ta faɗi a filin makaranta aka kai ta babban asibiti, wata tsohuwar nas ta sunkuya ta shinshini numfashinta, ta ce a ɗebi jini yanzu-yanzu. Ciwon sukari ne, irin na yara, wanda ba ya jin ƙwaya sai allurar insulin kullum.

"Har zuwa yaushe?" in ji Tawada.

Likitan da ke duba yaran, wani matashi siriri da iyaye ke kira Mai Tabarau, ya ce, "Har iya rayuwarta. Sai dai in masu bincike sun gano wani abu."

Kowace Talata ake ganin likita. Akwai dogon benci a barandar ɗakin gwaji, ƙafarsa ɗaya ta karye an tokare da bulo. A nan iyaye ke jira tun safe, a nan kuma Tawada ya san Malama. Lissafi take koyarwa a firamare, mijinta ya rasu, ɗanta ɗaya ne, yaro ɗan shekara goma sha ɗaya da ya riga ya fi ta tsayi, shi ya sa kowa ke ce masa Dogo. Ita ba ta da yawan magana. Tawada zai yi rabin awa yana zagin tsadar magani, ita kuwa ta bari ya gama, sannan ta ce, "To yanzu me za a yi?"

Ita ce ta kawo shawarar su riƙa haɗa kuɗi suna sayen insulin da yawa a lokaci ɗaya, ya fi araha. Su takwas suka fara, a kan wannan bencin. Suka sayi firiji na hannu, asibiti ya ba su wani lungu kusa da ɗakin ajiyar tsintsiya suka sa shi. Tawada ya zama shugaba don shi ne mai baki, Malama ta riƙe mabuɗi. Wanda ya gaza a wata, sai a ba ɗansa, ba gori. Shekara uku ana haka, iyaye suka kai ashirin da uku, kuma a cikin shekarun nan ba yaron da ya kwana babu allura.

Dogo da Kurciya suka zama kamar wa da ƙanwa. Shi ne ya koya mata yi wa kanta allura a cinya ba tare da ta rufe ido ba. Yana tsokanarta da cewa sukarinta ya fi nasa yawa don ita ce mai satar alewa.

A shekara ta huɗu Mai Tabarau ya nemi ya yi wa iyaye magana. Aka taru ranar Asabar a ajin Malama, manya sun cusa gwiwoyinsu a ƙarƙashin teburan yara. Ya ce ba wanda ya san yara nawa ne ke da ciwon a yankin, ko nawa ne ke mutuwa, ko me ke kashe su. Yana so ya bincika. Yana bukatar injin gwajin jini mai kyau, da ma'aikata biyu, da shekaru. Ya nema a wajen hukuma an hana shi.

Tawada ya miƙe. Ya ce su dai kullum ɗiban ruwa suke yi daga ɗaki mai yoyo, ba wanda ya hau ya duba rufin. Ya ce yau insulin, gobe insulin, har jikokinsu su gaji benci. Ya yi magana har wata uwa ta fara share hawaye.

Malama ta ce, "Baban Kurciya, maganarka da daɗi. Amma yaro yau yake bukatar allurarsa. In firijin nan ya wayi gari babu komai, bincike ne za mu tsira masa?"

"Allah ba zai nuna mana ba, Malama."

"Allah ya ba mu hankali kuma."

Aka ɗaga hannu. Sha huɗu suka bi Tawada, tara suka bi Malama. Aka tsayar cewa kashi biyu cikin uku na duk abin da aka samu zai tafi wa bincike, kuma za a fita neman taimako a wajen jama'a. Daga ranar ƙungiyar iyaye ta zama gidauniya. Malama ba ta yi fushi ba, ta ci gaba da riƙe mabuɗinta.

Tawada ya koma shago ya buga takardu dubu biyar da hoton Kurciya tana murmushi. A ƙarƙashi ya rubuta da manyan baƙaƙe cewa in jama'a suka taimaka, cikin shekara goma za a ga bayan ciwon sukarin yara. Da Mai Tabarau ya gani sai ya zo har shagon da takardar a hannunsa.

"Ni ban ce haka ba. Ba wanda ya isa ya ce haka."

"Likita, kai ka yi bincikenka, ni ka bar ni da mutane. Ka taɓa ganin wanda ya sa hannu a aljihu don an ce masa wataƙila?"

Kuma mutane suka sa hannu. Direbobin tasha suka bayar, masu kanti suka bayar, wani mai kamfanin fenti ya aiko da abin da Tawada bai taɓa gani a dunƙule ba. Kurciya ta ɗauki takarda ɗaya ta manna a jikin ƙofar ɗakinta. Ta lissafa da yatsu ta ce, "Baba, in na kai ashirin da biyu ke nan?"

Ya ce, "Ko kafin nan ma."

Shekara ɗaya bayan haka insulin ya yanke a kasuwa. Ba wanda ya yi bayani mai gamsarwa: wasu suka ce kaya sun maƙale a hanya, wasu suka ce masu ɓoyewa ne. Wanda ake samu ya ninka kuɗinsa sau huɗu. Cikin wata biyu firijin gidauniya ya koma babu komai sai ƙanƙara. A daidai lokacin ne kuma ya kamata a biya kaso na biyu na kuɗin bincike.

Malama ta zo shago da tsakar rana, ta ƙi zama. Ta ce a dakatar da biyan, a sayi insulin ko nawa ne.

Tawada ya kashe inji. Ya ce in aka dakatar, ma'aikatan likita za su tafi, jinin yara ɗari uku da aka tara zai lalace, aikin shekara ya bi ruwa. Ya ce mutane don bincike suka bayar, amana ce. Ya ce yankewar nan ta sati biyu ce ko uku, kowa ya ɗan lallaɓa.

"Na lallaɓa da me?"

"Malama, haƙuri za a yi."

Ta dube shi ta ce, "Kai ka lallaɓa da me?"

Gaskiyar ita ce wani da yake buga wa takardu, mai yawan tafiye-tafiye, ya kawo masa kwalabe shida daga waje, suna cikin firijin gidansa a bayan robar ruwa. Ya gaya wa kansa cewa shida ba za su ishi yara ashirin da uku ba, ko an raba ba wanda zai amfana. Aka biya kuɗin bincike a ranar da aka tsayar.

Yankewar ta yi wata biyar. Malama ta sayar da 'yan kunnenta da keken mijinta, tana sayen kwalba ɗaya-ɗaya. Abin da ba ta sani ba shi ne Dogo ya riƙa rage allurarsa da rabi don kwalbar ta daɗe, yana ce mata lafiyarsa lau. Ran wata Laraba ya fara amai a makaranta. Ran Juma'a ya rasu, yana shekara goma sha biyar.

Tawada ya je gaisuwa da matarsa da Kurciya. Malama ta amsa gaisuwar kowa da murya ɗaya. Da suka tashi tafiya ta riƙo hannun Kurciya, ta shafa kumatunta, ta ce, "Tubarkalla, ke kam ba ki rame ba. Allah ya raya ki." Sannan ta kwance mabuɗin firiji daga bakin mayafinta ta ajiye a gaban Tawada. Ba ta ƙara taka wurin taro ba. Bayan shekara ɗaya ta nemi canjin makaranta ta bar unguwar.

Gidauniya kuwa sai gaba take yi. Ta samu ofis mai ɗaki biyu a saman wani kantin magani, daga baya ta koma bene mai hawa uku da mai gadi. Manyan mutane suka shigo kwamiti, masu jakar hannu da agogo mai nauyi. Aka naɗa wani tsohon ma'aikacin banki shugaba, aka mai da Tawada uban gidauniya, wato mai zama a kujerar gaba ranar taro. Aka fara ba masu bincike tallafi a jami'o'i har uku.

Shekara goma ta cika, ba a ga bayan komai ba. Abin da Mai Tabarau ya gano bai yi kama da abin da aka buga a takarda ba. Ya gano cewa yawancin yaran da ciwon ke kashewa a yankin suna mutuwa ne tun kafin a san suna da shi: a kawo su ƙaramin asibiti suna amai, a yi musu maganin zazzaɓi, ba wanda ya tuna ya ɗiga jininsu a tsinken gwaji. Gidauniya ta raba na'urorin gwaji a ƙananan asibitoci, ta koyar da nas-nas. Yaran da ake kawowa da sauran numfashi suka ƙaru ƙwarai.

Tawada ya ce, "Shi ke nan? Shekara goma, sai ɗan tsinke?"

Mai Tabarau, wanda furfura ta fara fito masa, ya ce, "Abin da na ce zan nema ke nan tun farko. Kai ne ka ji wani abu dabam."

Kurciya ta cika ashirin da biyu, ba ta tayar da zancen alkawarin ba. Ta koyi ɗinki, ta buɗe shago, ta yi aure, ta haifi ɗa ɗaya da ƙyar. Tana talatin da huɗu ta lura zare ya daina shiga mata allurar keke. Layuka suka fara lanƙwashewa, baƙaƙen ɗigo suna yawo a gabanta. Likitan ido ya ce ciwon ne ya taɓa jijiyoyin, na hagu ya yi nisa, za a yi ƙoƙarin ceton na dama.

A wannan shekarar gidauniya ke cika ashirin da biyar, in an ƙirga daga zamanin benci. Shugaba ya ce a buga ɗan littafin tarihi don babban taro, kuma wa ya fi cancanta ya rubuta in ba wanda ya kafa ta ba? Tawada ya yi wata biyu yana rubutu. Da ya gama ya ɗauka ya tafi shagon Kurciya da hantsi, ya zauna a kan kujerar masu jiran kaya, ya karanta mata tunda ita ba ta iya karanta ƙananan rubutu. Akwai benci a ciki, akwai firiji, akwai direbobin tasha da mai fenti da injin gwaji. Tana saurara tana warware wani ɗinki da laluben yatsu.

Da ya kai ƙarshe ta ce, "Baba, ka tsallake shafi?"

"A'a."

"To ina Malama? Ina Dogo?"

Ya ce ai ya rubuta iyaye takwas, tana cikinsu. Ya ce littafin biki ne, ba a tone-tone.

Ta ajiye rigar. Ta ce, "Akwai abin da ban taɓa gaya wa kowa ba. A watan nan na uku da yankewa, mun haɗu da Dogo a bakin ƙofar asibiti. Ya ce, ƙanwata, an ce ku kuna da ajiya, ara mini kwalba ɗaya mana, in na yi arziki in biya ki da mota. Yana dariya ya faɗa. Ni ma na yi dariya na ce ƙarya ake yi mana. Huɗu ne suka rage a bayan robar ruwa, na san su, kullum sai na ƙirga. Tsoro nake ji su ƙare. Shekara ashirin da ɗaya ke nan. Ban damu da alkawarin da ka yi mini ba, Baba, na daɗe da sanin ba a hannunka yake ba. Amma kar ka karanta mini littafin da babu shi a ciki."

Wata mai karɓar ɗinki ta shigo ta fita. Sannan Tawada ya ce, "Ke yarinya ce a lokacin. Ni ne babba."

"To ka rubuta haka."

Sai da suka yi sati biyu suna tambaya kafin suka gano inda Malama take. Ta yi ritaya, tana zaune a wajen 'yar ƙanwarta, a hawa na biyu na wani gida mai ƙunƙuntar matakala. Ta tsufa, amma ta gane su tun daga bakin ƙofa. Ta ba su kujera, ta kawo ruwa. Ta daɗe tana kallon idon Kurciya na hagu, ba ta tambaya ba.

Tawada ya ciro sabon shafin da ya rubuta, ya karanta a tsaye. Bai rage komai ba, har kwalabe shida. Kurciya ma ta faɗi nata tana kuka.

Malama ta ce mata, "Ke share hawayenki. Na san ya tambaye ki, ya gaya mini da kansa, ya ce kin iya ƙarya kamar lauya. Ban taɓa riƙe ki ba." Ta juya wajen Tawada. "Kai kuwa ban sani ba ko na yafe maka. Na yi ta roƙon Allah ya cire mini, wani lokaci in ji kamar ya fita, wani lokaci in tarar yana nan. Bara jikar maƙwabciyarmu ta fara amai, aka kai ta ɗan asibitin nan na kan kwana, nas ta ɗiga jininta nan take aka gane. Yarinyar na nan tana tsalle-tsalle. Na san aikinku ne. Na yi murna, kuma na ji haushin kaina da na yi murnar. Ka ga inda nake."

Ya ce, "Me kike so in yi?"

"Ka sa sunansa na gaskiya, ba Dogo ba. Kuma ba shi kaɗai ba ne, su biyar ne a watannin nan. Ba ka sani ba don ba ka ƙirga ba." Ta jero sunayen da shekarunsu ba tare da ta tsaya tunani ba, shi kuma yana rubutawa a bayan takardar. Ya roƙe ta ta zo taron. Ta ce a'a, gwiwoyinta ba sa son matakala, kuma ba ta da abin yi a wurin.

Kwamiti ya ƙi shafin. Shugaba ya kira Tawada ofis, ya rufe ƙofa, ya ce, "Baba, manyan masu ba mu tallafi za su zo. Kana so su karanta cewa mun bar yara sun mutu? Bincike uku ne ke jiran kuɗin nan." A littafin da aka buga, wata biyar ɗin nan suka koma jimla ɗaya: shekara ta biyar ta zo da ƙalubale.

Ranar taro zauren otal ya cika. An ba Tawada minti biyar ya yi godiya. Ya hau dandamali, ya ciro takardarsa daga aljihu, ya karanta shafin da aka ƙi. Mutumin da a da ba a iya tsayar da bakinsa, ran nan sai da ya tsaya sau uku. Shugaba ya kafa wa tebur ido. Da ya gama sunaye biyar ɗin, wasu suka fara tafi, suka ga ba wurin tafi ba ne, suka bari.

Sai wani tsoho ya miƙe daga can baya, kusa da ƙofa. Tawada ya gane shi da ƙyar: wani kafinta ne da ke cikin iyayen farko, yana cikin sha huɗun da suka ɗaga masa hannu.

"Shugaba," in ji shi, da sunan da suke kiransa a da, "ba biyar ba ne. Shida ne. Tawa a gida ta cika. Ba mu kai ta asibiti ba, don mun san babu abin da za a ba ta."

Tawada ya tambaye shi sunanta. Ya faɗa, ba a ji ba saboda nisa, sai da wani ya kai masa makirufo ya sake faɗa.

Ɗaya daga cikin manyan masu tallafi ya janye bayan taron, kuma ɗaya daga cikin bincike ukun ya tsaya. Ba a sake ba Tawada magana a wani taro ba. Amma a zaman kwamiti na gaba, bisa shawarar Mai Tabarau, aka sa doka cewa dole a riƙa ajiye insulin na wata shida kafin a saki ko kwabo na bincike. Shugaba ya sa hannu yana ɓata rai.

Tawada ya rasu bayan shekara biyu. Idon Kurciya na hagu ya tafi, na dama yana gani dishi-dishi, ta bar ɗinki ta koma sayar da yadi, inda hannu ke iya gane kaya. Har yau tana yi wa kanta allura sau huɗu a rana. Gidauniyar na nan, kuma bana ma ta ba masu bincike biyu tallafi.